Motar Alhaji

Laraba. Ruwan daren jiya ya yi daɗi, kowa ya sha barci, su Nana ma da ake hutun lakkol sai da hantsi suka motsa. Na buɗe Tsohuwa, motata Peugeot 504, na tarar da tafki a ƙasan kujerar mai zaman banza, takardun aljihun gaba duk sun jiƙe, har da na asirans. Rabi ta leƙo ta ce in na kama tarwaɗa a ciki in kawo mata ta yi miya. Na yi dariya sosai, don da safe dai cikin raha nake.

Hanyar Bukoki ba a magana. Laka, ramuka, masu babur.

Baba Idi mai gyaran mota na tarar yana shan shayi a bakin rumfarsa ta bayan Katako. Bai bari na gama bayani ba, ya tura Lawali cikin mota, shi kuma ya ɗauki buta. Ya fara duba ramukan da ruwa ke sauka a gindin gilashin gaba, ya zaƙulo busasshen ganyen dogon yaro da waya, ya ce ba nan ba ne. Sannan ya riƙa tsiyaya ruwa daga ƙasa yana hawa sama sannu a hankali, don in aka fara daga sama ruwan ko'ina zai bi, ba a gane ƙofar da ya shiga. Ko rabin buta bai ƙare ba Lawali ya ce ga shi nan, kusurwar dama ta ƙasa. Baba ya sa turnabis ya ɗaga leɓen roba, ya danna ƙarfen da ke ƙarƙashi, sai ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli.

Ya ce ranar Yamai ce ta busar da robar har ta tsuke ta saki jiki. Ƙurar hunturu ta shige ƙarƙashinta ta zauna, damina ta zo ta mai da ita laka, lakar kuma kwana da kwanaki take yi ba ta bushe ba. Sai ga silikon ɗin da yaron wani garaji ya shafe wurin da shi bara. Irin mai warin binegar ne, tsaminsa cin ƙarfe yake, fenti kuma ba ya kamawa a kansa. Baba ya ɓare shi da farce yana tsaki.

Na ce to, Baba, nawa? Ya ce aiki biyu ne. A kankare a cike da mastik, wato ƙullin cike ramin jikin mota, a mai da roba, jikka 15 ta sefa, in tafi da motata yau. Ko a cire gilashi a yanke ruɓaɓɓen wuri a yi walda, jikka 70, ban da kuɗin sabuwar roba, kuma sai ta yi mako. Na tuna kuɗin lakkol na nan tafe a Oktoba, na ce a yi na mastik.

Ya aje kofinsa ya ce, "Alhaji ba zai yarda ba."

Na ce, "Baba, ai Alhaji ya daɗe a gidan gaskiya."

"Allah ya jiƙansa. Amma motarsa tana nan." Ya waiwaya ya ce, "Lawali, kawo wuƙa mu yanke robar motar Alhaji." Bai sake duban inda nake ba.

Maganar nan ce ta tsaya mini a wuya har yanzu. Sunana ne a kartigiris, takardar mallakar mota. Ni ke zuba mata mai, ni ke biyan binyet, harajin mota, ni na tura ta daga Talaje har gida ranar da ta mutu a hanya. Furfura ta cika mini gemu, amma a rumfar nan har gobe yaron Alhaji nake, wanda aka aiko da mota. Kuma ba wai bai da hujja ba. Mastik shan danshi yake yi, tsatsar da aka binne ta ci gaba da ci daga ciki, damina biyu ya tsage, robar kuma ba ta da leɓen ƙarfen da za ta riƙe. Da haka ya faɗa mini, wallahi da na amince ban ji komai ba. Sai ya bar maganar ƙarfe ya ɗauko ubana, don ya san nan ne ba ni da bakin musu. Abin haushin, na san da Alhaji ne tsaye a wurin, ko jin farashin na farko ba zai tsaya yi ba.

Na zauna kan benci ina kallo, raina a ɓace. Aikin kuwa gwanin kyau. Ba a tura gilashi da ƙarfi, robar ake yankewa, don na Tsohuwa irin na da ne, in ya fashe rugurgujewa yake gaba ɗaya. Mutum uku suka ɗauke shi suka kwantar kan tsohuwar katifa. An cire kan batir, an rufe tabulo, wato allon gaban direba, da jiƙaƙƙun buhunna. Baba ya goge wurin har farin ƙarfe ya fito, ya yanke ruɓar, ya ciro faci daga wata matacciyar ƙofa ya lanƙwasa shi daidai da kusurwar. Waldar ɗigo-ɗigo ya yi, yana bari tana hucewa, kada zafi ya karkatar da bakin gilashin ya ƙi zama. Saura maganin tsatsa, fenti, sai ranar mai da gilashi: a zagaya igiya cikin ramin roba, a shafa ruwan sabulu, wani na ja daga ciki, wasu na dannawa da tafin hannu daga waje.

Robar daga Kano za a nemo. Faransa ta daina ƙera irin wannan Peugeot 504 tun 1983, amma a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har bayan shekarar 2000, shi ya sa kayanta daga can suke zuwa. Baba ya ce in an kawo a lanƙwasa ta tukuna, in ta yi fari a wurin lanƙwasar a mayar wa mai ita.

Taksi zuwa gida, mu huɗu a baya. Dambu da kopto. An ɗauke wuta da la'asar.

Sanusi ya kira, ya ce ko dai a sayar da ita a huta. Na ji bakina ya ce masa ba a sayar da motar Alhaji, na kashe waya ina jin haushin mu duka uku.

Gobe sai in nemi direban Maraɗi kan batun roba. Rabi har yanzu jikka 15 ta sani.