Kuɗin sabis ɗin haibrid a Zariya

Wani bakanike a Sabon Gari ya ninka min kuɗin juyen baƙin mai, wai don motata Prius haibrid ce, wato mai aiki da fetur da lantarki. Haba maigida! Injin fetur ne dai a ciki, tsadar tana wajen baƙin man da take sha, mai lamba 0W-20, ba aikin hannu ba. Har ya so canja min fad ɗin birki, alhali injin lantarkin ne ke rage gudu yana cajin batir, shi ya sa fad ɗin kan daɗe bai cinye ba.

Na Kwangila kuwa, fankar batirin da ke gefen kujerar baya ya buɗe, ya nuna min yadda ƙurar hunturu ta toshe ta kamar auduga. Ya leƙa ruwan sanyaya inbata ma, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir zuwa injin lantarkin. Shi kam ban tsaya ciniki da shi ba.