Wata Uku a Sashen Hayar Filayen Mai

Yau na kammala wata uku ina koyon aiki a sashen tsara dokokin ba da hayar filayen haƙar mai da gas. Na zo da zaton gwanjo ne kawai, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Lokacina ya ƙare ne a karatun rahotannin illar haƙa ga ruwa da ƙasa, wasunsu kamar ba za su ƙare ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin jinginar da kamfani ke ajiyewa don toshe rijiyar mai ko gas bayan an gama aiki da ita. In kuɗin suka yi kaɗan, kamfani kuma ya durƙushe, sai a bar wa gwamnati aikin, rijiya kuwa na ta fitar da iskar da ke ɗumama duniya.