Hotunan Makka na 1995

Yarana ne suka tono album ɗin aikin Hajjina na 1995, wai za su ɗauka da waya su tura a gurup ɗin gida, sai na zauna ina ta kallo, wallahi wasu wuraren da ba ni ne a tsaye a ciki ba da sai in rantse ba Saudiyya ba ce.

Na farko ma a situdiyo aka ɗauke shi, ni da harami a jiki, bayana labule ne da aka zana Ka'aba. Lokacin ai ba ka isa ka shiga Masallaci da kyamara ba, askarawa na bakin ƙofa suna duba jaka. Yanzu kuwa mutum yana ɗawafi yana bidiyo kol da matarsa a Kano.

Amma wanda ya fi tsaya min shi ne wanda wani abokin tafiya ya ɗauke ni daga saman gidan da muka sauka. Bayana duwatsu ne baƙaƙe, gidaje ƙanana sun hau jikinsu kamar an liƙa, taga ta katako, shanya ta ko'ina, can sama kuma ga tsohuwar ganuwar Ajyad da Turkawa suka gina. A 2002 aka rushe ta, har gwamnatin Turkiyya ta yi ta ƙorafi, dutsen da take kai ma aka baje shi, a nan ne aka dasa dogon benen agogon nan mai tsayin mita 601. Unguwar Shamiya ita ma ta tafi a faɗaɗa Masallaci. To ka ga ko in koma yau ba zan iya nuna wa yaran nan inda na tsaya ba, lungun da 'yan uwanmu takari suke sayar mana da tuwo a kwano, Allah kaɗai ya san ƙarƙashin wane otal yake.

Kar a ce ina kushe, a'a. Akwai hoton Mina, tantinmu na yadi ne, ga risho a gefe ana dafa shayi, shekara 2 bayan nan gobarar 1997 ta ci mutum sama da 300, shi ya sa aka koma tantunan da wuta ba ta ci. Wanda ya yi jifan Shaiɗan a tsohuwar gada, ya ji yadda ƙirji ke matsewa, ba zai taɓa raina sabuwar mai hawa-hawa ba. Tafiyar Madina da muka kwana a bas, tun 2018 jirgin ƙasa ke yin ta cikin awa biyu da ɗoriya.

Ni dai abin da ke damuna, da talaka da mai kuɗi duk kusa da Harami muke kwana, ka ji kiran salla ka taka da ƙafa. Yanzu kusan na mai kuɗi ne, alhajin jiha yana can nesa yana jiran bas.

Zamzam ma a lokacin matakala muke sauka a cikin filin ɗawafi mu sha mu watsa a ka, an rufe wajen tun 2003. Wannan kam ba ni da hotonsa, sai dai na jarkar da na ɗauro da igiya a filin jirgin Jidda.