Ruwan tsarin Umma ya zama leda

Talata, bayan sallar isha'i.

Na so in sulale da jarkar ruwan tsari kafin Umma ta idar da lazimi, amma ta hango ni ta taga. "Ke, wai abincin awakin nawa za ki ƙarar a makarantar nan?" Na ce saura wata biyu in gama, Umma. Ta ce haka na faɗa tun kafin azumi.

Kwalabe shidan da na zuba wa tsari na toshe makon jiya sun daina turo sirinji, wato iskar haidurojin da tsarin ke fitarwa idan ya ruɓe ta ƙare. Da na buɗe ta farko, duk wanda ke ɗakin gwaji sai da ya toshe hanci. Warin man shanun da ya lalace ne sak, domin sinadarin butirik ne, shi da ɗan'uwansa asetik mai tsamin binega. Su ne abin da ƙwayoyin bakteriya da ake kira Clostridium suke bari idan sun cinye sitacin tsarin a inda babu iska. Kashin shanun da nake ɗebo su a ciki sai na tafasa shi tukuna, masu yin iskar mitan su mutu, su kuwa Clostridium su dunƙule su tsira.

Wannan ruwa mai ɗoyi, waɗanda suka riga ni kwata suke tuttula shi. Lissafi ne ya hana ni. Ƙwayar gulukos ɗaya, wato sukarin da ke cikin sitaci, da za a tatse ta ƙarƙaf, haidurojin 12 za ta bayar. Iyakar abin da waɗannan halittu ke iya fitarwa 4 ne, idan kuma suka bi hanyar butirik, 2 kacal. Ashe yawancin abincin yana nan kwance a cikin abin da muke kira shara.

Na tace shi, na kashe tsamin, na shiga ɗiga wa wasu ƙwayoyin bakteriya, Cupriavidus necator, kaɗan-kaɗan, don idan aka juye masu gaba ɗaya asid ɗin ya fi ƙarfinsu. Dabarar ita ce a ƙoshar da su da kabon amma a hana su naitirojin. Ba damar hayayyafa, sai su koma tara abincin a cikinsu kamar yadda sa ke tara kitse a tozo, har ya kan kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu idan an busar da su. Wannan tozon shi ne PHB, robar da nake nema.

Wajen sha ɗaya aka ɗauke wuta, janareto kuma babu mai. Injin girgiza ya tsaya, su kuwa waɗannan ƙwayoyin suna bukatar iskar da girgizar ke ba su. Ni da Malam mai kula da ɗakin muka zauna muna kaɗa kwalabe da hannu kamar masu kaɗa nono, har aka kira azahar. Kafaɗata har yanzu ciwo take.

Bayan la'asar na duba farantin gilashin da na bar narkakken PHB na zagayen baya ya bushe. Na sa tsinken ƙarfe na ɗago gefensa, sai ga wani abu fari-fari, siriri kamar ɓawon albasa. Ban san na yi guɗa ba. Ina lanƙwasa shi ya karye kamar ƙanzo.

Farfesa bai yi mamaki ba. Ya ce halin PHB ke nan, sai an samu asid ɗin furofiyonik a cikin ruwan ya koma ɗan'uwansa PHBV sannan ya yi laushi. Ya ƙara da cewa kada kaina ya kumbura: Bafaranshe Maurice Lemoigne ya gano PHB tun 1926, kamfanin ICI na Ingila ya sayar da PHBV da sunan Biopol, har kamfanin Wella ya yi kwalbar shamfu da shi a 1990. Tsada ce ta hana shi kasuwa, musamman kuɗin sukarin da ake ciyar da ƙwayoyin. Na ce a raina, tsari dai kyauta ne, in ban da faɗan Umma.

Na kawo mata ɓallin a cikin takarda. Ta juya shi a tafin hannu, ta tuna min da jar akuyarta ta bara, wadda mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta. Muka binne ɓallin a gindin zogale, kusa da shi na binne ledar fiya wata, na dasa dutse a kan kowanne don mu ga wanda ƙasa za ta cinye. Ta ce ita za ta riƙa zuba wa wurin ruwa, amma gobe jarka rabi zan ɗiba.