Ba kowane kwashewar gashi ne makero ba

A shagon askina a unguwar Nima ta Accra, yaran da ake kawo mini da tabo a ka, yawancinsu an riga an shafe su da man nan na kemis mai magani uku a haɗe. Shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Sitiroyid ɗin cikinsa, wato maganin rage kumburi, yana kwantar da ƙaiƙayi, uwa ta ɗauka an warke, alhali makeron yana yaɗuwa a ƙarƙashi.

Ni da fitila nake dubawa kafin in ɗora inji. In wurin yana da garin fata kamar amosani, gashin ya karye daf da fata ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe, makero ne. Naman gwari ke kawo shi, yana bin inji, mataji, hula da matashi. Yana cikin saiwar gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa, don haka sai maganin sha: likita kan ba da griseofulvin na mako 6 zuwa 8, da sabulun kai na ketoconazole sau 2 a mako. In aka bar shi ya kumbura yana ruwa, tabo yake bari, gashi kuwa ba ya fita a kan tabo. Na ga yaron da man nan ya kai shi haka.

Wani kuwa wurin sumul yake, kewayayye kamar kwabo, ba gari ba ƙaiƙayi, har a gemu. Wannan garkuwar jiki ce ke faɗa wa saiwar gashi. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma sammu ba ne. Sau da yawa gashin kan dawo cikin shekara, farko fari-fari. Goga tafarnuwa ƙone fata kawai yake yi.

Kwashewar gashin mata a gefen goshi kuwa, yawanci ɗamewar kitso ce. Kitson da ya fito da ƙuraje a gindinsa a kwance shi ranar.

Yanzu in na ga gari a kan yaro, nakan ce, “Hajiya, ki daina shafa masa man nan, a kai shi wurin likitan fata a asibitin Korle Bu, a duba ƙannensa ma.” Inji kuma in share shi da burushi, in jiƙa bakin a maganin kashe ƙwayoyin cuta minti 10 kafin ya taɓa wani kai.