Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gwajin da Ya Wanke Ni

Makon jiya mun tsaya a sunan Auta. Ban yi arba'in ba ƙafafuna suka kumbura, har idan na danna yatsa sai ramin ya zauna. Kwanciya ta gagare ni, sai dai in jingina da bango har asuba ina haki, ga tari. Tulu ma ba na iya ɗagawa.

"Son jiki ne, wace macen ce ba ta haihu ba?" Abin da Gwaggo ta ce ke nan a tsakar gida, a gaban abokiyar zamana da 'yan barka. Aka ƙara mini kunun kanwa, aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Ni da na yi jego biyar ban taɓa cewa wash ba!

Yaya ce ta zo daga Zariya, ta gan ni, ko mayafi ba ta cire ba ta ce wa Baban yara ya nemo mota. A asibiti aka yi hoton zuciya, aka ɗebi jini. Likitan ya ce, "Hajiya, zuciyarki ce ta buɗe, ta yi rauni." Ya nuna mini takardar gwajin da suke kira NT-proBNP. Ashe idan jini ya yi wa zuciya yawa ta miƙe, akwai sinadarin da take saki cikin jini, shi ake aunawa. Wanda bai kai 125 ba, da wuya a ce yana da wannan ciwo. Nawa ya haura dubbai. Na roƙe shi ya sake faɗa a gaban Baban yara, ya kuwa faɗa. Son jiki! Shi ma son jikin yana fitowa a jini ne?

Aka ɗora ni a kan Lasix mai sa fitsari, da spironolactone da wasu ƙwayoyi. Aka hana ni kanwa da gishiri mai yawa, domin suna riƙe ruwa a jiki. Gwajin ƙoda da na fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini, kuwa ba fashi, saboda spironolactone kan tara fotasiyam har ya rikita bugun zuciya. Awarwarona na aure na sayar na biya wasu daga ciki, kuma ban yi da-na-sani ba.

Shekaru bayan haka, babbar 'yata da ta karanci aikin jinya ta ba ni labarin wani bincike na Amurka da Kanada, GUIDE-IT, wanda ya fito a 2017. Mutum 894 masu raunin zuciya aka raba biyu, rabi ana ƙara musu magani da nufin lambar gwajin NT-proBNP ɗinsu ta sauka ƙasa da 1,000. Ba su fi sauran samun sauƙi ba, aka dakatar da binciken. Na ce mata ai likitana ma bai taɓa dogara da takarda kaɗai ba. Sai ya ɗora ni a sikeli, ya matsa idon sawuna, ya duba jijiyar wuyana, ya tambaye ni matashi nawa nake tadawa da dare, sannan ya taɓa magani.

Ita dai ta ce mini tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda wannan ciwo ke kama masu jego a ƙasarmu. Kenan mata nawa aka binne ana ce musu ragwaye?

Gwaggo ta rasu ba ta janye maganarta ba. Allah Ya jiƙanta, na yafe, amma ranar da aka sallamo ni abokiyar zamana ta maimaita ta, kuma a nan za mu tashi mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.