Addu'ar Mala'ika Mai Tsaro da Gadon da Na Kusa Yarwa

Ƙannena matasa Katolika, musamman ku da kuka bar gida zuwa makaranta ko neman abinci a birni, akwai wata gajeriyar addu'a da yawancinku kuka haddace tun kafin ku iya karatu, wato addu'ar mala'ika mai tsaro, wadda a cikinta muke roƙon mala'ikan da Allah ya danƙa mu a hannunsa ya haskaka mu, ya tsare mu, ya bi da mu. Ina so in yi muku magana a kanta ne saboda na taɓa yin watsi da ita, da na dawo kuma na riƙe ta ta hanyar da Ekklesiya ba ta koyar ba, kuma a duka lokutan biyu abin da ya ɓatar da ni ɗaya ne: na ɗauka zan iya tsara wa kaina addu'a ba tare da na saurari waɗanda suka riga ni ba.

Kakata ce ta koya mini ita. Ba ta iya karatun boko ba, amma kowane dare, bayan an kashe wutar murhu, takan tara mu a kan tabarma, mu yi alamar gicciye, mu yi Ubanmu da A Gaishe Ki Maryamu, sannan mu rufe da addu'ar mala'ika mai tsaro, ita kuma ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana zana gicciye a goshinmu da babban yatsanta mai kaushin aikin gona. Da na shiga babbar makaranta na faɗa cikin wasu abokai masu ƙwazon addu'a, waɗanda suka gaya mini cewa haddadaddiyar addu'a maimaici ne na banza, kuma yin magana da mala'ika bautar halitta ce. Suna da ayoyi a bakinsu, ni kuwa ba ni da komai sai abin da na ji a wurin tsohuwa, don haka kunya ta kama ni, na bar addu'ar. Har na kai ga yi wa kakata gyara a gaban yara lokacin hutu, ta dube ni ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da addu'arta. Ta rasu ban nemi gafararta ba, kuma wannan yana damuna har yau.

Da na tambayi Fada ko malamin katikisim a lokacin, da na gane cewa abin da tsohuwar ke yi yana da tushe a cikin Littafi Mai Tsarki. A Matiyu 18:10 Yesu da kansa ya gargaɗe mu kada mu raina ko ɗaya daga cikin ƙananan nan, domin mala'ikunsu suna duban fuskar Ubansa a sama kullum. Zabura 91:11 ta ce Allah zai umarci mala'ikunsa su kiyaye mu a dukan hanyoyinmu, Ibraniyawa 1:14 kuma ta kira su ruhohi masu hidima da aka aiko saboda masu gadon ceto. A Ayyukan Manzanni sura 12, da Bitrus ya fito daga kurkuku ya ƙwanƙwasa ƙofa, baiwar nan Roda ta ruga ta ba da labari, mutanen da ke cikin gida suka ce ai mala'ikansa ne, abin da ke nuna cewa Kiristocin farko sun saba da wannan imani. Waliyyi Basil, wanda ya rasu a shekarar 379, ya koyar cewa kowane mai bi yana da mala'ika a gefensa a matsayin mai tsaro da makiyayi, kuma Katikisim na Ekklesiyar Katolika na 1992 ya ɗauko wannan magana a sakin layi na 336. Idin Mala'iku Masu Tsaro da muke yi ranar 2 ga Oktoba, Fafaroma Bulus na Biyar ne ya shigar da shi kalandar Roma a 1608, Fafaroma Klement na Goma kuma ya wajabta shi ga dukan Ekklesiyar Yamma a 1670.

Batun bauta kuwa, abokaina sun yi gaskiya cewa ba a yi wa mala'ika sujada. Bulus ya hana hakan a Kolosiyawa 2:18, kuma a Wahayin Yahaya 22:8-9 mala'ikan da kansa ya hana Yahaya durƙusa masa. Amma Ekklesiya ba ta taɓa koyar da akasin haka ba. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, abin da muke ba mala'iku da waliyyai girmamawa ce da neman taimakon addu'a, kamar yadda muke yi a farkon Misa sa'ad da muke furta laifofinmu muna roƙon Maryamu da dukan mala'iku da waliyyai da 'yan'uwa su yi mana addu'a wurin Ubangiji. Maimaicin da Yesu ya hana a Matiyu 6:7 shi ne surutun da ake zaton yawansa ne zai tilasta wa Allah ji. Shi kansa a Gatsemani ya koma ya yi addu'a sau na uku da kalmomi iri ɗaya, kuma da almajiransa suka roƙe shi ya koya musu addu'a, kalmomi ya ba su su riƙe.

Ban gane amfanin haddadaddiyar addu'a ba sai da mahaifina ya kwanta rashin lafiya mai tsanani. Ina zaune a kan benci a barandar asibiti da tsakar dare, takardar magani a hannuna, kuɗin da ke aljihuna bai kai rabin abin da aka rubuta ba, na buɗe baki in yi irin doguwar addu'ar da na saba yi a gaban abokai, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Abin da ya zo bakina shi ne addu'o'in tabarmar kakata, a jere yadda ta koya mana, na yi ta maimaita su har aka kira sallar asuba a masallacin da ke kusa. Addu'ar da aka gada kamar hatsin rumbu take: da kaka, sa'ad da abinci ya wadata, ba wanda ke tuna ta, sai bazara ta yi tsanani ake sanin darajar wanda ya tara. Addu'a da kalmomin kanka abu ne mai kyau, Ekklesiya ma tana ƙarfafa ta, amma ta dogara ga ƙarfin zuciyarka na wannan rana, kuma akwai ranakun da zuciya ba ta da ƙarfi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko haɗari, kuma shi ne nake ganin ya fi yawa a tsakaninku yanzu saboda wayar hannu. Da na dawo ga wannan ibada, na fara bin saƙonnin da ake turawa a WhatsApp da Facebook masu cewa kowa zai iya gano sunan mala'ikansa ta mafarki ko ta ranar haihuwarsa, da masu fassara lambobin da mutum ya gani a agogo a matsayin saƙo daga sama. Na laƙaba wa mala'ikana suna, na koma neman alamu a kowane abu, har zuwa Misa ya fara zame mini abu na biyu. Wani dattijon katikis ne ya zaunar da ni ya nuna mini cewa Ekklesiya ta daɗe da sanin wannan rami. Tun a shekarar 745, wani taron bishop-bishop a Roma ƙarƙashin Fafaroma Zakariya ya yi tir da addu'ar wani mai wa'azi mai suna Aldebert, wadda ke kiran mala'iku da sunayen da ba su cikin Littafi Mai Tsarki. Kundin jagora kan ibadun jama'a da Fadar Vatikan ta amince da shi a 2001 ya maimaita wannan a sakin layi na 217, inda ya ce a guji raɗa wa mala'iku suna, ban da ukun da Littafi ya ambata, wato Mika'ilu da Jibra'ilu da Rafayel, waɗanda ake idinsu ranar 29 ga Satumba. Wannan kundin ya kuma yi gargaɗi kan ɗora kowane ƙaramin abu na rayuwa a kan mala'ika ko Shaiɗan, kamar dai mutum ba shi da hankali da zaɓi. A nan na ga cewa gadon da ya ba mu addu'ar shi ne kuma ya kafa mata iyaka, kuma wanda ya karɓi addu'ar ya ƙi iyakar zai wayi gari yana yin duba irin na bokaye da sunan ibada.

Haka nan kada ku mai da mala'ika mai tsaro laya. Na sha hawa babur da dare ba fitila mai kyau, ba hular kwano, ina cewa ai ina da mai tsaro. Ku tuna cewa ayar nan ta Zabura 91 ita ce Shaiɗan ya ɗauko a Matiyu 4:6 yana zuga Yesu ya diro daga kan Haikali, Yesu kuma ya amsa masa cewa ba a gwada Ubangiji Allah. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya bayyana cewa mala'ika yana iya haskaka tunanin mutum ya kuma zuga shi ga alheri, amma ba ya tilasta nufinsa. Saboda haka in ka ji wani abu a zuciyarka yana hana ka shiga gidan da ka san zunubi ke jiranka a ciki, ko yana tura ka ka je ka nemi sulhu da ɗan'uwanka, saurare da biyayya naka ne, ba wanda zai yi maka su.

Akwai tambaya mai nauyi da na san wasunku na ɗauke da ita, domin mun binne mutanen kirki da aka tare a hanya ko aka kashe a gona, waɗanda ba su taɓa kwanciya ba tare da wannan addu'a ba. Ina mala'ikansu yake a ranar? Ba zan raina wannan tambaya ba, don ni ma na yi ta da hawaye. Abin da ya taimake ni shi ne komawa ga sura 12 ɗin nan ta Ayyukan Manzanni in karanta ta daga farko. Kafin mala'ika ya kwance sarƙar Bitrus, aya ta biyu ta riga ta gaya mana cewa Hirudus ya sa an kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Manzanni biyu ne, sarki ɗaya ne ya kama su, aka fitar da ɗaya, aka bar ɗaya ya sha takobi, kuma ba mai cewa Allah ya manta da Yakubu. Tsaron da aka yi mana alkawari ya haɗa da jiki sau da yawa, amma makomarsa ita ce a kai mu ga Allah, shi ya sa a jana'izar Katolika ake roƙon mala'iku su raka mamaci zuwa Aljanna. Wannan ba ya ɗauke zafin rashi, kuma ba ya wanke masu kisa ko hukumomin da suka yi sakaci, amma yana hana mu yanke hukuncin cewa wanda aka kashe an yashe shi ne.

Waliyyi Bernard, wanda ya rasu a 1153, ya ce kasancewar mala'ika tare da mu tana neman mu da girmamawa saboda yana nan, da ƙauna saboda alherinsa, da dogara saboda tsaronsa, kuma ana karanta wannan wa'azi nasa a addu'ar sa'o'i, wato addu'ar da Ekklesiya ta tsara wa lokutan yini, ta ranar 2 ga Oktoba. Na farkon ne ya fi yi mini aiki, domin mutumin da ya yarda ba shi kaɗai ba ne a ɗaki yakan yi hattara da abin da yake buɗewa a waya bayan ya kulle ƙofa. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan kunyar, tunda sun yi imani da mala'iku masu tsaro da masu rubuta ayyuka, ko da yake koyarwarmu da tasu ba ɗaya ba ce a kowane fanni.

Abin da nake roƙonku shi ne ku riƙa yin addu'ar safe da dare, a hankali, kuna jin abin da kuke faɗa, kuma ku bar ta a matsayinta na ƙaramar ibada da ke kai mutum ga Misa da furta zunubi, kamar yadda Taron Vatikan na Biyu ya tsara a 1963 cewa ibadun jama'a su dace da sujadar Ekklesiya su kuma jagoranci mutane zuwa gare ta. In wani ya ƙalubalance ku da aya, kada ku yi faɗa kuma kada ku sallama nan take, ku rubuta ayar ku kai wa Fada ko katikis ku karanta surar gaba ɗaya tare. In kuma kuna da tsohuwa ko tsoho a gida da ke da waɗannan addu'o'i a ka, ku zauna da su a hutun nan ku sa su faɗa muku da Hausa ko da harshen garinku, ku rubuta ko ku naɗi muryarsu a waya, sannan ku koya wa ƙananan da ke gidan kafin ku koma makaranta.